Ƙiri a Wayar Birki

Har yau idan maƙwabta suna babbaka, ƙaurin ya tsallako katanga, sai na ajiye abin da ke hannuna na nemi wuri na zauna. Abin bai daɗe da faruwa ba, bazarar da ta wuce ce, kuma ƙarshensa alheri ne. Jikina ne kawai bai gama yarda ba tukuna.

Ni 'yar Gaya ce. Na gama sakandaren kwana a Kano, na dawo gida, aka ɗaura mini aure da wanda nake so, wani direba mutumin Gafasa ta ƙasar Ajingi. Yana da tsohuwar a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, wadda ya saya bayan an koma tuƙi ta hannun dama, lokacin da motoci masu tsohon sitiyari suka yi araha. Ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa. Ran kasuwa ya ɗauki mutane da kaya, sauran ranaku ya wuni a ƙarƙashinta. A gidan akwai Baba, mahaifinsa. Akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ta riƙe maigidan tun rasuwar mahaifiyarsa. Sai ƙanwar maigidan, sa'ata, wadda ba ta bar ni na huta da tsokana ba tun ranar da aka kai ni.

Ban daɗe da tarewa ba tunkiyar Gwaggo ta ci wani abu ta kumbura ta mutu. Bayan nan gara ta shiga rumbun gero ta ƙasa. Ba wanda ya ce da ni komai. Amma wata rana ina wanke ƙafa a gindin randa na ɗago kai, sai na ga Gwaggo ta tsaya da muciya a hannu tana kallon tafin ƙafata.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake nufi idan an ce mace farar ƙafa gare ta: duk gidan da ta taka, arziki ya fita. Malamai sun ce camfi ne, mu ma a makaranta dariya muke yi wa irin wannan magana. Sai dai na san wata a unguwarmu a Gaya, mai kirki, mai tsafta, da sunan ya kama. Kowane aure ta yi sai a dawo da ita da kayanta a bayan jaki, ba ta zagi kowa ba, ba ta ƙona tuwo ba. Daga baya ta koma suyar ƙosai, 'yan kasuwa ba sa saye a wurinta da safe wai kada ta karya musu ciniki. Idan sunan nan ya zauna a kan mace ba alƙalin da za ta kai wa ƙara, don ba wanda zai tsaya ya ce shi ya fara faɗa.

Ana cikin haka birkin motar na baya ya cinye, har ƙarfe na cin ƙarfe. Maigida ya je Kano ya sayo sabon layini, wato fatar nan mai tauri da ke cafke ƙafa idan an taka birki, da durom biyu, kwanon ƙarfen da layinin ke kamawa ta ciki. Ya wuni a ƙofar gida yana ɗaurawa. Da la'asar ya zaga gari da ita, ya dawo yana washe baki, hannu duk giris.

Ya ce, "Amarya, yanzu ko kaza ce ta gifta sai na tsaya ta wuce da 'ya'yanta."

Ya ce ran kasuwar Gaya zai kai harawa, don a bazara masu kiwo rububinta suke yi, ni kuma ya sauke ni a gidanmu na gai da iyayena. Wannan ce shigata motar ta farko, don ranar kai amarya a babbar mota aka kawo mu da gara da 'yan rakiya. Na yi dakuwa na cika langa zan kai wa Innata. Gwaggo ta ce ita ma za ta, tana da barkar haihuwa a Gaya. Ƙanwar maigida ta ce ai ba a barin ta.

Ranar muka tashi da hantsi. An lodi harawa har ta fi kan mota tsawo, ta zubo ta gefe da gefe. Ni a tsakiya, Gwaggo a bakin ƙofa, ƙanwar maigida a can bisa kaya tana riƙe da igiya.

Ta leƙo ta taga ta ce, "Matar Yaya, an ba ki gaba saboda boko. Mu jahilai a kan ciyawa kamar awaki."

Na ce, "Ki dai riƙe bakinki, kada ki cinye kayan mutane kafin mu kai."

Har Gwaggo sai da ta yi murmushi. Na ji daɗin murmushin nan ƙwarai, na ce a raina yau rana ce mai kyau.

Mun bar gari, mun shiga hanyar yashi tsakanin gonaki, sai na ga maigida yana yawan canja giya. Ya taka totur, injin ya yi kuka, motar kuma kamar ana jan ta da wutsiya. Ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Yau motar nan nauyi take ji."

Gwaggo ta ce, "A da ba ta ji."

Ba ta kalle ni ba. Ni ma ban kalli kowa ba, na ƙura wa murfin langar da ke cinyata ido. Muka ƙara tafiya a haka, wani wari kamar na roba yana shigowa kaɗan-kaɗan. Sai muka ji duka a rufin mota, da tafin hannu, da dunƙule.

"Yaya! Yaya, tsaya! Wuta!"

Ban san yadda muka fita ba. Na dai tuna Gwaggo ta kasa buɗe ƙofa, na miƙa hannu ta kanta na murɗa. Ƙafar baya ta hagu na fitar da hayaƙi, kuma ta bayan tayar, inda giris ya narke ya zubo, wani ɗan harshen wuta yana lasar sama. Tsakaninsa da harawar da ta zubo bai fi kamu ɗaya ba. Busasshiyar harawa ce ta bazara, ga yarinya a kanta.

Maigida ya yi ihu ta diro, ta diro ta faɗi a yashi. Shi ya kama harawar gefen yana fizgewa yana jifa da ita nesa. Ni kuma ban yi shawara da kowa ba, na kife dakuwar Innata a ƙasa, na riƙa kamfatar yashi da langar ina watsawa a bayan tayar. Ƙanwarsa ta ɗauki murfin tana yi ita ma. Gwaggo na tsaye tana salati da ƙarfi. Wutar ta mutu, ta sake tasowa, muka sake binne ta. Daga nan ta mutu gaba ɗaya.

Muka jira ƙarfen ya huce. Maigida ya sa duwatsu a gaban sauran ƙafafun, ya ɗaga ta hagun da jak. Ya kama taya da hannu biyu ya juya. Ko motsi. Ya zaga ya taɓa durom ɗin dama, ya ce wannan lafiyarsa ƙalau, ɗumi kawai. Ƙafa ɗaya ce ta kame.

Ya ce, "Na san ko mene ne. Na matse shi da yawa."

Ya shiga da sifana ta baya, inda ake sassauta layini, ya yi ta kwancewa. Ya fito ya juya tayar, ta ɗan gusa da gurnani ta tsaya. Ya koma ya kwance har ƙarshe. Haka dai.

Ya ce to watakila man birki ne ya shiga ya ƙi komowa. Akwai wani ɗan baki a bayan ƙafar da ake buɗewa a fitar da iska. Ya ce idan man ne ya maƙale, yana buɗewa zai yi tsartuwa, ƙafar ta saki. Muka zuba ido. Ya buɗe, man ya ɗiga ɗis, ɗis, kamar mai jin kunya. Tayar tana nan yadda take. Ya leƙa cikin mota ya ja hambirki ya saki, ya sake ja ya saki. Sandar tana sauka har ƙasa. Ya cire tayar, ya yi ta bugun durom da guduma don ya buɗe ya ga cikinsa, durom ya ƙi fita. Ya mayar da tayar ya ɗaura noti biyu, ya zauna a kan dugadugansa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Ya ce, "Ko dai na juya sifirin ne? Ko kayan ne ba nata ba? To amma ai na zaga gari da ita lafiya lau."

Gwaggo ta ce, "Ka zaga da ita kai kaɗai."

Ya ce, "Gwaggo, don Allah."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kuma bai ɗago ya kalle ni ba.

A daidai lokacin wasu mata mutanen Balan suka iso, da ƙorai a ka, za su kasuwa. Suka tsaya kamar yadda kowa zai tsaya.

"Sannunku. Lafiya dai?"

Gwaggo ta ce, "Lafiya lau. Amarya muka ɗauko."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma buƙata. Na ga idon babbarsu ya sauka daga fuskata zuwa ƙasa. Na ja zanina na rufe yatsuna. Matan nan Gaya za su, garinmu, kasuwar da Innata ke sayen kayan miya. Kafin azahar maganar za ta shiga unguwarmu.

Sai Gwaggo ta ce, da murya mai laushi, "Yarinya, ga 'yan rakiya Allah ya kawo. Bi su ki ƙarasa gida, mu ma taho idan ta saki."

Maigida ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Amarya, rana na yi. Ko za ki bi su ɗin ki huta?"

Saura kaɗan na tashi. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa cewa a'a ba, kuma abin da na fi so a duniya a lokacin shi ne ɗakin Innata. Har na dafa ƙasa. Sai na ga abin a fili: maigida ya iya aikinsa, ko ba jima ko ba daɗe zai gano matsalar. Idan ya gano ta bayan na tafi, ba wanda zai tuna da sifana. Abin da za a ce shi ne tana barin wurin ƙafar ta saki. Shi ke nan, an gama da ni, har jikokina sai sun ji.

Na ce, "Ba inda za ni."

Muryata ta fito siririya kamar ba tawa ba. Ƙanwar maigida ta buɗe baki ta kalle ni. Gwaggo ta ce, "Iye?"

Na ce, "Ku yi haƙuri, Gwaggo. Tare muka fito."

Na zagaya ɗaya gefen motar, inda ba mai ganin fuskata, na zauna dirshan a ƙasa cikin 'yar inuwarta. Kuka nake so na yi. Matan Balan suka sauke ƙoransu, don yanzu abin ya zama na kallo.

A zaunen nan, kaina daidai da ƙasan mota, iska ta biyo ta ƙarƙashi ta bugi fuskata. Wari biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai na birkin da ya ƙone, mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani wanda duk macen da ta taɓa gyara kai da ƙafar rago ran layya ta sani: ƙaurin fata a wuta. Na ce a raina ko bushiya muka taka ta maƙale a salansa. Ba don ina tsammanin wani abu ba, don dai na sami abin yi ban da kuka, na kwanta a gefena da atamfar lefena na leƙa.

Ba bushiya. Akwai wata waya ta ƙarfe, kaurin ƙaramin yatsa, da ta taho daga gaba ta nufi ƙafar hagu. A tsakiyarta, dab da salansa, an naɗe ta da ƙiri, igiyar ɗanyar fata, an haɗa ta da wani ƙarfe na jikin mota. Ƙirin ya bushe ya yi baƙi, gefensa ya babbake. Ya jawo wayar gefe har ta lanƙwashe, ta ɗame kamar tsirkiyar baka. Na miƙa yatsa na taɓa ta. Ba ta ko girgiza ba.

Ban san komai a kan mota ba. Amma a dukan ƙarƙashin nan, ƙarfe ne da roba da ƙura, wannan kaɗai ne abin da na san ba a Kano aka sayo shi ba.

Na ce, "Maigida."

Bai ji ba. Na ɗaga murya. "Maigida, wannan wayar ina ta nufa?"

"Wace waya?"

"Mai bi ta kusa da salansa."

"Ta hambirki ce. Amarya, fito daga nan, za ki ɓata kayanki."

"Haka take dama, a lanƙwashe?"

Sai na ji jan jikinsa a yashi ta ɗaya gefen, fuskarsa ta bayyana kusa da tawa, wayar a tsakaninmu. Ya kalle ta. Ya sa babban yatsa ya danna ta. Ya bi ta da ido har inda ta shige bayan durom.

A hankali ya ce, "Maƙalinta ne ya karye ran da nake aiki. Na bar ta tana reto, na ce na sayi wani a Gaya. Ni ban ɗaure ta ba."

Ni kuwa na riga na san wanda ya ɗaure. Jiya da yamma na ga tsoffin yankan fata a jiƙe cikin kasko a bayan zaure. Baba ne mai wannan aikin. Ƙotar garma, ƙafar kujera, ƙofar kara, duk abin da ya yi sako-sako a gidan nan da jiƙaƙƙen ƙiri yake ɗaure shi, ya bar rana ta matse masa. Amma surukina ne. Ko sunan da ya yi kama da nasa ba na faɗa, balle na ce ga abin da ya yi, a bakin hanya, a gaban baƙi. Na haɗiye maganar.

Maigida ya zaro wuƙa daga aljihu. Na kama wuyan hannunsa. A gaban mutane, a gaban ƙanwarsa da ta durƙusa tana leƙenmu. Har yanzu idan na tuna sai kunya ta rufe ni.

Na ce, "Dakata. Gwaggo ta gani tukuna."

Ya kalle ni, ya daɗe. Sannan ya mayar da wuƙar kube.

Ya ce, "Gwaggo, zo ki ga wani abu."

"Ni? Na shiga ƙarƙashin mota da tsufana?"

Ƙanwarsa ta ce, "Leƙawa kawai za ki yi, Gwaggo. Ai kina leƙa akurki kullum ki ƙirga ƙwai."

"Ja'ira."

Amma ta zo. Ta dafa bodin mota ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, ta karkata kai. Na nuna mata da yatsa. Ta ƙanƙance ido. Ta ƙara matsowa. Naɗi ne bibbiyu, an soke wutsiyar ta ƙarƙashi an fito da ita ta tsakiya.

Ta ce, "La ilaha illallahu."

Ta sake dubawa.

"Wannan ɗaurin ai na san mai shi tun yana ɗaure wa awaki ƙafa. Ƙanena ne. Wallahi ƙanena ne! Ya ɗaure mota kamar jaki!"

Na ce, "Gwaggo, don Allah ku kama tayar ku juya."

Ta miƙe ta kama ta, ta ja, ta tura. Babbar matan Balan ma ta ajiye mayafi ta sa hannu, su biyu suka yi nishi. Ko gezau.

Na ce, "To ku bar hannunku a kai."

Na koma na kwanta inda nake, jikina a jikin motar, ƙafafuna a waje kowa na ganin su. Na ce da maigida ya yanka. Ƙirin ya yi tauri kamar ƙaho, sai da ya yi ta gurzawa. Ɗas! Wayar ta yi tsalle ta saki, wani abu ya ce ƙwas a cikin durom.

Ban ga abin da ya faru a waje ba, ji na yi. Shuuu, taya na juyawa a iska. Sai muryar Gwaggo, "A'a!" Sai kuma shuuu, ta sake turawa. Na jawo jiki na fito, na same ta tsaye tana tura tayar da yatsa ɗaya, ta jira ta tsaya, ta sake turawa, kamar yarinya da sabon abin wasa.

Ƙanwar maigida ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa a tsakiyar hanya. Matan Balan suka kwashe da dariya har ɗaya ta zauna a ƙasa.

"Matar Yaya bakanike! Yaya, ka ba ta sifanar, kai ka koma daka!"

Ni kuwa sai na zauna na kifa kai a gwiwa na yi kukan da na riƙe tun ɗazu, da shessheƙa, da majina, ba kyan gani. Ina kukan kuma ina jin wani daɗi yana tasowa daga cikina, irin wanda ban ji ba ko ranar da sakamakon jarrabawarmu ya fito.

Maigida ya yi wa matan bayani, ko da yake ina jin da kansa yake magana. Ya ce da safe ƙirin da sauran danshi, shi ya sa muka bar gari lafiya. Zafin salansa da na rana suka busar da shi, yana bushewa yana jan wayar, kamar mutum na jan hambirki a hankali a ƙafa ɗaya. Da tsohon layini ne da ba a ji ba, don ya cinye, akwai rata. Sabo kuwa dab yake da durom, ja kaɗan ya ishe shi.

Babbar matan ta ɗora ƙwaryarta a ka ta ce, "Allah ya kiyaye gaba. Amarya, Allah ya bar ku tare."

Gwaggo ta ce, "Ku je ku faɗa a kasuwa. Ku ce wani tsoho a Gafasa ya yi wa mota dabaibayi."

Maigida ya mayar da man birki daidai, ya sake saita layinin, yana juya taya yana saurare har ta daina gogawa. Wayar kuma ya rataye ta sako-sako da yankin tsohon tub, nesa da salansa. Muka kwashe harawar da ya zubar muka mayar. Dakuwa dai tururuwa sun gaje ta. Muka tafi a hankali, kowane ɗan lokaci ya tsaya ya fita ya taɓa durom da bayan hannu. Sanyi ƙalau. Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Amma da muka shiga wani rami na faɗa jikinta, ba ta janye ba, ta sa hannu ta kakkaɓe mini yashin da ke kafaɗata.

Innata ta ga atamfata da langa wayam, ta ce, "Ke kuma daga wane yaƙin?" Ban iya ba ta labari ba, Gwaggo ce ta bayar, da kwaikwayon yadda ta juya taya. Kafin mu bar Gaya na ji ta ba da shi a gidan barka, na ji ta ba mai goro.

Mun koma Gafasa kafin magariba. Baba na zaune a zaure a kan buzunsa. Na rufe fuska na durƙusa na gaishe shi na shige, amma ban yi nisa ba, na laɓe a bayan katanga, ƙanwar maigida a jikina tana danne dariya. Ashe Gwaggo ta ƙulle guntun ƙirin a bakin zaninta. Muka ji ta jefa masa.

"Ka san wannan?"

Baba ya ce, "Nawa ne. Na ga igiyar motar na jan ƙasa, ga kututture a hanyar nan. Yaran yanzu sai su bar abu yana reto. Na gyara masa."

"Ka gyara masa! Saura kaɗan ka gasa mu da harawa!"

Maigida ya ba shi labari tiryan-tiryan, da ladabi. Baba ya saurara. Can ya ce, "To amma ya kwance?"

"Bai kwance ba, Baba. Sai da na sa wuƙa."

"To."

Gwaggo ta yi salati, ƙanwar maigida ta ciji mayafina don kada a ji ta. Amma da aka zo kan wutar, da 'yarsa a bisa kaya, sai zauren ya yi tsit. Sannan Baba ya tambaya wa ya gano. Aka faɗa masa.

Ya ce, "Yarinyar nan? Allah ya yi mata albarka. Allah ya yi mata albarka."

Daga baya na tambayi maigida me ya sa ya ce na bi matan nan. Ya rantse rana ya tausaya mini, ba wani abu ba. Na yarda da shi, ko da yake akwai ranakun da nake sake juya maganar ina tankaɗe.

Da gajimare ya fara haɗuwa a gabas, aka sauko da gyaɗar iri daga rumbu. A gidan nan Gwaggo kaɗai ke ɓare iri. Ta ce iri ba kowane hannu yake so ba, ko 'yar ƙaninta ba ta bari ta taɓa, sai dai ta kwashe ɓawo. Ina ɗaki ina ninke kaya na ji ta ƙwala mini kira. Gabana ya faɗi, don har yanzu haka yake yi. Na fito na same ta a gindin darbejiya, ta baje tabarma, ga buhu a buɗe, ga faifai biyu.

Ta tura mini ɗaya da ƙafa. Ta ce, "Zauna. Na babbar gona za ki ɓare. Ki ware masu yamutsewa gefe."

Ƙanwar maigida ta fito daga madafi da ludayi a hannu. "Gwaggo! Ni da aka haifa a gidan nan fa?"

"Ke kawo mana tsintsiya."

Na zauna na miƙe ƙafafuna a kan tabarmar, na ɗebi gyaɗa na cika faifan.